Dutsen Guga a Saman Bene

Yaya Tela,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya shago, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan da sauƙi. Maigidana yana gaishe ka, Auta ma ta ce a gaya wa Kawu rigar da ya ɗinka mata ta matse ta.

Za ka yi mamakin ganin takarda. A waya ba na samun kanka, da "lafiya lau" da dariya kake sallamata, ƙarar keken ɗinki kuma ta cinye rabin maganar. Ni kuwa yanzu lokaci ya yi mini yawa. Duk ranar wankin ƙoda a kan kujerar nan nake a shanye, hannun hagu da allurai, na dama ba abin yi. Shi ne na ce bari in sa shi aiki.

Likita ya kira ni bayan tafiyarka. Ya ce jininmu ya dace, ƙodarka za ta zauna a jikina. Na san ya yi maka bayani, amma na san halinka, ka ɗauki rabin da ya yi maka daɗi ka bar masa sauran. To ga sauran: ba za su taɓa ka ba sai nauyinka ya sauko zuwa lambar da ya rubuta maka, hawan jinin nan kuma ya lafa. Ya ce mai ƙoda ɗaya da tumbi irin naka, nan gaba shi ma kujerar da nake kai zai nema. Ni kuma bai ɓoye mini ba, jikina ba zai daɗe yana jure wa injin wankin nan ba.

Ban roƙe ka ba, kai ka kawo kanka. Amma tunda ka ce ka ji ka gani, bari in yi maka abin da na iya. Shekara nawa na yi ina koya wa 'yan mata motsa jiki a makaranta, har ka laƙaba mini Mai Usur? Na ga irinku da yawa. Ranar farko a fito kamar za a tashi sama, kafin mako ya zagayo cinya ta riƙe, shi ke nan an ajiye. Kada ka sayi kayan wasa, kada ka yi wa kowa shela. Tun da yamma ka ajiye takalminka a bakin ƙofa yana kallon waje, yadda da safe ba sai ka yi shawara da zuciyarka ba. Ka fara da kaɗan, kaɗan ɗin da za ka ji kunyar faɗa wa mutane. Sannan ka nemi wani aiki da dole ka yi shi kullum, ka ɗaura abin a jikinsa.

Ka rubuto mini gaskiya, ko da ba daɗi.

Ƙanwarka

*

Mai Usur,

Wa alaikumus salam. Ya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Maman yara na gaishe ki, mu duka lafiya. Ki ce wa Auta ba rigar ce ta matse ba, ita ce ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Kin ce gaskiya, to ga ta. Ban bi maganarki ba. Washegarin da takardarki ta zo na fita da sassafe, na ce sai na kai ƙarshen babban titi. Na kai kuwa. Dawowar ce ta gagara, a tasi aka kawo ni gida, direban yana ta leƙo ni ta madubi yana tambaya ko asibiti zai wuce da ni. Kwana na yi ina taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya.

Da na warware sai na zauna na yi tunanin maganarki ta ƙarshe. Wane aiki ne dole in yi shi kullum? Guga. Ke ba tela ba ce, bari in gaya miki: ba a haɗa kafaɗa a wuce hannu sai an kwantar da ɗinkin da dutsen guga. Kwala haka, aljihu haka, bakin wando haka. Riga ɗaya sai ta kai ni teburin guga sau da yawa, teburin kuwa yana nan a gefen kekena, ko tashi ba na yi, juyawa kawai nake da kujera.

Kin tuna benen da shagona yake a ƙasansa? Can ƙololuwa akwai wani dattijo mai gyaran agogo, ɗakinsa da fili. Na hau na roƙe shi lungu ɗaya, na kwashi tebur da dutsen guga na kai can. Yanzu duk ɗinkin da na haɗa sai na hau bene. Ranar farko na iso ina haki, na dafe ƙofarsa, gumi har cikin ido. Ya ɗago da gilashin nan nasa a ido ɗaya ya ce, "Tela, don girman Allah in mutuwa za ka yi ka sauka ƙasa, ni ba zan iya ɗaukar ka ba."

Ba zan ɓoye miki ba, na yi satar hanya. Akwai ranar da na dubi matakalar na ji raina ya ɓaci, na haɗa riga guda cur ban hau ko sau ɗaya ba. Mai rigar, wani ma'aikacin banki, ya dawo da ita yana riƙe da kwalar da yatsa biyu, ya ce, "Maigida, wannan kwala ce ko kunnen jaki?" Tunda nake ɗinki ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Na warware ta gaba ɗaya, na hau benen fiye da yadda da zan hau tun farko.

Lemon kwalba na daina. Sukarin shayi muna kan tattaunawa da shi.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ƙafafu sun huce. Jiki da sauƙi, sai kumburin ƙafa da ya ƙi sauka. Kunnen jakin nan ya sa na yi dariya har injin ya yi ƙara, nas ta taho da gudu tana tsammanin wani abu ne. Rabona da dariya irin wannan har na manta.

Dabarar gugar nan ta fi duk wadda zan iya ba ka. Amma ka ji: saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ka riƙa dafa ƙarfen kana saukowa a hankali. Ranar da aiki ya yi yawa, ka tara ɗinki biyu ko uku ka hau da su tare. Kuma tun yanzu ka tsara abin da za ka yi ranar da jiki ya ƙi, don ranar tana zuwa. In bene ya gagara, ka zagaya layinku a ƙasa. In ka fasa yau, ba komai, gobe ce kada ka bari ta bi ta. 'Yan matan da suka fi ba ni wahala su ne masu cewa tunda sun ɓata jiya, bari su jira sabon wata su fara daga farko.

Ruwan da aka yarda in sha yanzu ɗan ƙaramin kofi ne, ana auna mini shi kamar magani. Wallahi Yaya ban san ruwa yana da daɗi haka ba. Ina kallon Auta tana kwankwaɗa a tsaye, sai in kau da kai.

Akwai wata baiwar Allah da kujerarta ke kusa da tawa, mukan yi hira, ita ke riƙe mini takarda in iska ta ɗaga ta. Zuwa biyu ke nan ban gan ta ba. Jiya na tarar da wani mutum a kujerar. Ban tambaya ba.

Ƙanwarka

*

Mai Usur,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar? Allah Ya ji ƙan maƙwabciyar taki in ta riga mu, in tana raye Ya ba ta lafiya. Ki yi haƙuri na daɗe ban rubuto ba, aikin kayan makaranta ne ya taso mu gaba.

Albishirinki. Sau biyu ke nan ina rage ƙugun wandona. Ni da nake auna mutane ina faɗa musu gaskiyar da ba sa so, yau tef ya fara yi mini kara. Na yanka wani wando daidai awon da nake ganin zan kai in lambar likita ta cika, na rataye shi a bango saitin keke. Masu kawo ɗinki suna tambaya na wane ne, in ce na wani ne da bai iso ba tukuna. Mai kemis ɗin layinmu ma ya gwada jinina ya ce ya fara sauka. Mai agogo ya daina yi mini maganar mutuwa, yanzu cewa yake ina hana agogunansa barci da sintiri.

Ranar da kika ce tana zuwa ta zo. Cikin aikin kayan makarantar nan na yi ta hawa da sauka ba lissafi, gwiwar dama ta kumbura. Na bi tsarinki, na bar bene na ɗan lokaci, ina zagaya layi da safe. Ba daɗi, amma ban zauna ba.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kin ce in riƙa faɗin gaskiya. Shekaranjiya ina shafa magani a gwiwa, Maman yara ta zauna a gabana ta fashe da kuka. Ta ce, "Baban yara, in aka shiga da kai ɗakin tiyatar nan ba ka fito ba fa? In ɗayar da ta rage maka ta lalace fa, wa zai ba ka?" Na ci gaba da shafa maganin. Ni ma ina jin tsoro, ƙanwata. Ko allura ba na so, kin sani, balle wuƙa.

Ki gaishe da maigidan da Auta.

Yayanki

*

Mai Usur,

Sallama. Ina fatan lafiya. Mu nan ƙalau, gwiwa ta saki, na koma bene.

Shiru ya yi yawa. Na saba in na aika takarda, kafin in gama cin gyaran da kika yi mini wata ta iso. Yanzu wata ya wuce, har na biyu ya kama. Na kira wayarki a kashe. Na kira maigidanki, ya ce kina barci. Na sake kira wani lokacin daban, ya ce kina barci. Wane irin barci ne wannan? Muryarsa ba ta yi mini ba.

In wani abu na rubuta da ya ɓata miki rai, ki faɗa. In jikin ne, kada a ɓoye mini, ni ba yaro ba ne. Jiya na hau da hannun riga, na tsaya gaban tebur na manta abin da ya kawo ni, har sai da mai agogo ya ce, "Tela, ƙauri nake ji." Na ƙona yadin mutane.

Ko layi ɗaya ne ki sa Auta ta rubuto. In ban ji komai ba zan rufe shago in taho.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kada ka rufe shago. Ina gida yanzu, da sauƙi. Ka yafe wa maigidana, ni na hana shi faɗa maka. Ka ga rubutun ya karkace, hannun ne ba ƙarfi.

Ruwa ne ya taru mini a ƙirji, numfashi ya gagara, aka kwantar da ni. Na daɗe a can. Da za a sallame ni likita ya zauna a bakin gadon ya ce zuciyata ta yi rauni, tsokar jikina ta zube saboda kwanciya. A yadda nake yanzu, ko ƙodar tana kan tebur ba za su yi aikin ba, ba zan tashi daga maganin barcin ba. Ya ce sai na yi ƙarfi, in riƙa takawa kullum. Na yi masa murmushi kawai. Ni da nake zagaye fili da 'yan mata a bayana, yau daga gado zuwa ƙofar ɗaki sai an riƙe ni. Usur ɗina yana rataye a jikin madubi, na sa Auta ta cire shi.

Takardarka ta kukan Anti tana ƙarƙashin matashina a asibiti, na karanta ta ban san adadi ba. Na gane abin da kake son faɗa ka kasa, don kai ba ka iya cewa a'a ba tun muna yara. To na ɗauke maka. Anti ta yi gaskiya, kana da 'ya'ya, gwiwarka ma ta fara ba ka amsa. Ba zan so a yanka lafiyayye saboda wadda ko ƙofa ba ta iya kaiwa ba. Babu komai a raina, Allah Ya sani. Abin da ka yi a watannin nan ya ishe ni har in koma ga Ubangijina.

Ka sauko da dutsen gugarka, ka yi wa mai agogo godiya a madadina. Wandon nan na bango ka ba wanda ya yi wa daidai.

Abu ɗaya nake roƙo, in ta Allah ta kasance, Auta amanarka ce.

Ƙanwarka

*

Mai Usur,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Wannan ita ce gaisuwar da za ki samu yau, don raina a ɓace yake.

Wa ya aike ki? Kin ce in rubuta gaskiya, na rubuta ina jin tsoro, sai ki ɗauka ki ɗinka mata hannu da wuya ki mai da ita fasawa? Tsoro na ce. Da tsoron nake hawa benen nan kullum, da shi zan kwanta a gadon aikin. Na karanta wa Maman yara takardarki, ta ce, "Ka gaya mata ni ban ce a fasa ba, kuka kawai na yi. Ko kukan ma an hana?" Kin san wa yake ajiye mini takalmi a bakin ƙofa tun daga ranar kukan? Ita ce. Ko na manta, da safe zan gan shi yana kallon waje.

Dutsen guga ba zai sauko ba. Amanar Auta kuma ban karɓa ba, ki riƙe kayarki.

Yanzu ki saurara, yau ni ne da usur. Ga ƙunshi nan tare da takardar. Takalmi ne na yadi, ni na ɗinka shi, bakinsa da faɗi saboda kumburin, da maɗauri a sama, na kai wa mai takalmi ya sa masa ƙasan roba don kada ya zame. Ba kyau gare shi ba, na sani. Auta ta ajiye shi a bakin gado tun da yamma.

Kin ce a fara da kaɗan ɗin da za a ji kunyar faɗa. To ƙofar ɗakin ma ta yi nisa, ki fara da kujerar da ke gefen gado. Kin ce a ɗaura abin a jikin abin da ba makawa. Na yi ta tunani a kan matakala, me ƙanwata ba za ta iya haƙura da shi ba? Sai na tuna ɗan kofin ruwan nan. Na yi magana da maigidanki, ya tambayi likita, likita ya ce ba laifi muddin akwai mai tsayawa kusa da ke. Daga gobe ba za a kawo miki kofin gado ba. Za a ajiye shi inda sai kin taka, in kin saba a ƙara matsar da shi. Ranar da jiki ya ƙi, a kawo miki, ba wanda zai yi faɗa. Gobe ce kada ki bari ta bi ta.

Ki zage ni in kina so, na saba tun kina rarrafe. Amma ban hau benen nan har na ƙona yadin mutane don ki ba ni haƙuri ba.

Yayanki

*

Yaya mugu,

Sallama. Jiki da sauƙi, wannan karon da gaske. Ka gaishe da Anti, ka ce mata na ji saƙonta, na kuma ji kunya.

Ranar farko da Auta ta ajiye kofin a kan kujera ta koma gefe ta harɗe hannu, na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba. Na ce ni na haife ta. Ta ce, "Kawu ne ya ce," hawaye na zuba amma ba ta motsa ba. Na kwanta na juya mata baya. Ƙishi ne ya tashe ni. Na zura ƙafa a cikin mummunan takalmin nan naka, na dafa bango, na je na sha a tsaye.

Daga kujera kofin ya koma kan teburin madubi, daga nan bakin ƙofa. Ya daɗe a bakin ƙofa, don akwai ranar da ƙafa ta ƙi, na zauna daɓas a ƙasa ina kuka, aka kawo mini. Washegari na tashi. Yanzu yana kan tagar falo, maigidana yana ta barazanar kai shi bakin get. Ranar wankin ƙoda ba na iya komai, na sa a cikin tsarin, ba na jin haushin kaina.

An auna zuciyata wancan makon. Likita ya daɗe yana kallon takardar, ya ce in ci gaba da duk abin da nake yi. Bai yi alkawari ba, ni ma ban tambaye shi ba. Auta ta mai da usur jikin madubi ba tare da ta gaya mini ba, na yi kamar ban gani ba.

Ya wandon bango?

Ƙanwarka

*

Mai Usur,

Assalamu alaikum, ya jiki? Mu lafiya. A gurguje nake rubutu.

Mai wandon ya iso. Da wandon a jikina na je asibitin nan namu aka auna ni, lambar ta cika har da ɗan rara, jini kuma ya zauna. Na aika wa likitanku takardun, ya kira ni da kansa ya ce ke ma ya gamsu, mu taho. Na hau na sallami mai agogo. Ya cire gilashin daga idonsa, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Teburin nan ba zan bari kowa ya taɓa shi ba. Ka dawo ka dame ni."

Har yanzu ina jin tsoro. Kada ki ɗinka masa komai. Muna hanya ni da Maman yara.

Yayanki

*

Mai Usur,

Nas ce ta ara mini biro, ita za ta kawo miki wannan. Ya kika tashi? An ce mini ƙodar tana aiki tun a ɗakin tiyata, kamar dama can gidanta ne. Na yi kuka a gaban mutane, ban damu ba.

Cikina kamar an bi ta kai da mota. Wanda ya yi ɗinkin dai ya iya, na leƙa, layin ya miƙe. Sun ce dole in tashi in taka yau, ke ma an ce za a tashe ki. Na tambaya, ɗakinku yana wancan ƙarshen barandar, namu a wannan. A tsakiya akwai taga da benci. Ban san ko zan kai ba, jiri nake ji ko zama na yi. Maman yara ta riga ta ajiye takalmin a bakin gado.

Yayanki

*

Yaya,

Sun kawo mini ruwa jug guda, sun ce in sha iya cikina, wai yanzu shan ne maganin. Na sha kofi ɗaya, na ce wa Auta ta kai sauran kan tagar nan ta tsakiya, da kofi biyu.

Ka dafa bango, kada ka yi sauri. Na sa takalmina.